Rasuwar Hau-Tudu a Hannun Mai Duba Sikeli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce goma da baƙin mai ya ƙi fita daga ƙarƙashinsu, ni tsohon ma'aikacin duba sikeli, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da Baba Daidai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ke cikin guruf ɗin nan na dangi rasuwar kekena, abokin fitar safiyata, wanda muke kira Hau-Tudu. Ya rasu a tsakar gidana ranar Talata da hantsi, yana kwance a rigingine, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa biyu da wata huɗu a hannuna. Yau mako uku da kwana biyu ke nan da rasuwar. Dalilin da ya sa sanarwa ta makara haka yana nan ƙasa, kuma ina roƙon 'yata Nas, wadda na san a tsaye take karanta wannan a barandar asibiti, ta nemi kujera kafin ta kai wurin.

Marigayin bai shigo gidan nan don sha'awa ba. Waɗanda ke kusa sun tuna ranar da jinina ya hau, na yanke jiki na faɗi a bakin famfo da kofi a hannu, yayata ta zo ta tarar da ni ina kallon sama ruwa yana ta zuba. Kwana biyu bayan an sallamo ni daga asibiti, Nas ta iso da motarta ta ce tafiya za mu yi. Ta tanadar min ɗaki a gidanta, hawa na huɗu, a garin da take aiki. Ɗaki ne mai kyau, ban ce ba. Yana da fanka, yana da taga ɗaya, tagar kuma tana kallon bangon maƙwabta. Ni kuwa gidan nan ni da marigayiya mahaifiyarta muka ɗora shi bulo bayan bulo, a nan teburin aikina yake, a nan duwatsun awona na tagulla suke kwance cikin akwatinsu na katako, kowanne a raminsa. Na yi magiya har na ba kaina tausayi. Da likita ya ce abin da jikina ke nema shi ne motsi, sai ta fita ta dawo da keke kore a bayan mota, da wata 'yar mita ɗaure a kansa mai ƙirga tafiya. Ta ce in har ina so in ci gaba da kwana a gidana, to kilomita arba'in duk mako, kuma duk Lahadi in ɗauki hoton mitar in tura mata. Ranar da lamba ta daina hawa, ranar zan hau motarta. Ba ta yi dariya ba da ta faɗi haka, halin uwarta ta kwaso kaf.

Saboda haka duk wanda ya gan ni da sassafe ina haki a kan titi, da hular kwano da wandon motsa jiki, ya ɗauka tsufa ne ya zo min da gardama, to ya sani haƙƙin zama a gidana nake tukawa.

Hau-Tudu keken hawan duwatsu ne, haka aka rubuta a jikinsa, har da hoton tsauni. Bai taɓa ganin tsauni ba, kuma bai taɓa yi min gori ba. Tudu mafi tsawo da ya hau a rayuwarsa shi ne gadar da ke bayan gidan burodi, ita ma rabinta na sama tura shi nake yi, ina waige kada wani wanda ya san ni ya gani. Giya ashirin da ɗaya gare shi, uku na sani, sauran goma sha takwas sun koma yadda suka zo ba a taɓa neman su ba. Tayoyinsa masu kauri ne, masu haƙora, an yi su don laka da tsakuwa, amma suka haƙura da kwalta da ramukan layinmu ba tare da ƙorafi ba. Mai kunya ne, ba ya ƙara a gaban mutane. Sai in mun gangaro daga gada na daina taka feda, sannan zai saki 'yar muryarsa, tik-tik-tik-tik, a hankali, ni kaɗai ke ji. Ƙararrawarsa kuwa, ƙirrin, sau ɗaya take magana, akuyoyi ma sun san ta. A hannunsa bel ɗina ya koma baya da rami biyu, likita ya rage min ƙwaya ɗaya, na koma hawa matakalar banki ba tare da na tsaya a tsakiya ina yi kamar ina duba waya ba. Bai taɓa kayar da ni ba sai sau ɗaya, shi ma ni na juya ina gaida wata tsohuwar abokiyar aiki.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da ƙusa. Wata Litinin muna dawowa ta bayan makaranta tayar baya ta sace. Na turo shi gida, na cire ƙafar, na yi faci da kaina, kuma facin ya kama, wannan kam a rubuta min shi. Na mayar da ƙafar a gurguje, keken yana jingine da bango a karkace, na matse na tafi wanka. Washegari da na hau sai na ji baƙuwar murya daga baya: shif, shif, shif. Na sauka na duba. Tayar ta matsa hagu, tana gogar ƙarfen jikin keken duk zagaye ɗaya.

A nan ya kamata in ambaci Mai Gyara. Rumfarsa tana kan kwanar layinmu, tafiyar minti uku, ko da turi. Duk mai hankali can zai nufa. Abin da ya hana ni shi ne bakina. Tun farkon zuwan keken na taɓa kai shi a ƙara masa iska, na tarar da mutumin yana daidaita ƙafar wani keke, ya juya ta, ya rufe ido ɗaya, ya kafa babban yatsa a jikin ƙarfe, yana ɗan murɗa nan yana ɗan murɗa can. Ba ma'auni, ba komai. Ni kuwa ba a tambaye ni ba, na buɗe baki a gaban mutanen da ke zaune a bencinsa na ce aikin ido aikin kame-kame ne, shekara talatin da ɗaya na yi ina kama masu cewa idonsu ma'auni ne. Ya ci gaba da aikinsa. Amma tun daga ranar, duk sanda na wuce sai ya ɗaga sifana sama ya ce a gaida ma'auni, 'yan benci su yi murmushi. To ta yaya zan tura masa keke yana shif-shif a gaban waɗannan mutane? Na ce a raina, abin da mai ido ɗaya a rufe yake yi, mai kayan aiki zai yi shi da ido biyu a buɗe.

Na sake cire ƙafar na ɗora ta a teburin aiki. Na share ta tas. Na sa alli na ba wayoyinta lamba, talatin da biyu, goma sha shida a dama, goma sha shida a hagu. Na ɗauko sikelin ƙugiya irin wanda ake rataya buhu, na riƙa maƙala shi a kowace waya ina ja, ina rubuta abin da ya nuna a littafi. Kafin in kai waya ta goma gabana ya fara faɗuwa, irin faɗuwar da na sani tun ina aiki. Wayoyin dama, wato gefen da giyoyi suke, a ɗaure suke tamau, kuma kusan a miƙe suke tsaye. Na hagu kuwa sako-sako, sun baje. Da na haɗa lissafi sai na ga dama ta kusa ninka hagu. Na taɓa su da farce don in tabbatar: na dama suka ce ting, na hagu suka ce tong.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, murna na yi. Shekara shida da ritaya ban kama kowa ba. Ga shi a cikin gidana, a kan teburina, na kama kamfani guda ya tauye gefe ɗaya ya cika ɗaya. Har na zauna na rubuta musu takardar ƙorafi shafi biyu da rabi, da kwafi uku. Allah ya rufa asiri ban san inda zan aika ba.

Kwana uku na yi ina raba adalci tsakanin wayoyin nan. Ba ni da ɗan makullin da ake murɗa su da shi, sai na sa filaya, wadda ta cinye kan notunan ɗaya bayan ɗaya har suka zama mulmul. In sassauta dama, in matse hagu, in rataya sikeli, in rubuta. Marigayin yana daga gefe a rigingine, sirdi a ƙasa, bai ce komai ba. Da la'asar ɗin kwana na uku duk wayoyi talatin da biyu suka nuna lamba ɗaya. Na bi su da farce, kowacce ta amsa da murya ɗaya. Wallahi ko lokacin da aka ba ni takardar yabo a ofis ban ji daɗi haka ba. Na wanke hannu, na sha shayi, sannan na zo na mayar da ƙafar cikin natsuwa.

Ta ƙi juyawa. Da can gogar ƙarfe take yi, yanzu ta rungume shi. Da na tilasta mata da hannu biyu sai ta ce gurrr, ta tsaya. Garen ƙafar ma, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya lanƙwashe, ya koma kamar marfin tukunyar da mota ta taka.

Wani a nan zai tsaya ya ce, af, ashe ni ne. Ni ban tsaya ba. Na ce ƙafa dai ta daidaita, sikeli ya shaida, littafi ya shaida, kuma sikeli ba ya ƙarya. In ƙafa daidai take amma ta ƙi zama a keke, to keken ne a karkace. A rana ta bakwai yayata ta leƙo, ta ga tsakar gida cike da alli da tsummoki da notuna. Shekarata sittin da shida, amma har gobe kai yaro take ce min. Ta ce in tattara tarkacen nan in kai wa Mai Gyara tun kafin in yi kisan kai. Na ce mata bincike nake yi, kuma ya kusa kammala. Ta dube ni, ta dubi keken, ta ce wa keken sannu, ta fita.

Ranar Talata, kwana na tara, na je wurin maƙwabcina direban tasi na aro jak, na ce masa gado zan ɗaga. Na sa katako biyu, na cusa jak ɗin tsakanin ƙarafan baya guda biyu da ke riƙe ƙafa, da niyyar in ɗan buɗa na hagu ya ba taya hanya. Murɗawar farko shiru. Ta biyu marigayin ya ce iiiƙ, a hankali, irin ta mai haƙuri da abu ya kai masa maƙura. Na ji shi sarai. Na ce saura kaɗan. A ta uku ya ce ƙas. Ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta karyewar tsinken ashana biyu ba, amma sai da tsakar gidan ta yi tsit. Ƙarfen hagu ya tsage daga wurin walda, ya saki, yana lilo. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe. Na zauna a ƙasa daɓas, na daɗe ina riƙe da hannun jak ɗin.

Yanzu na iso wurin da na ce Nas ta nemi kujera.

Mitar nan daga ƙafar gaba take ɗaukar lissafi. Akwai wani ɗan maganaɗisu a jikin waya ɗaya, duk zagayen da ya yi sai ta ƙirga. Tun marigayin yana jinya na gano haka, ranar Asabar, da na bugi tayar gaba da hannu don takaici na ga lamba ta motsa. Washegari Lahadi ce, ranar hoto, mita kuma ba ta ga titi ba tun Talata. Na ce sau ɗaya ne kawai, kafin ya warke. Na jawo kujera 'yar tsugune, na kunna rediyo, na zauna a gaban keken ina marin taya da tafin hannu, tana juyawa, lamba tana hawa. Na cika arba'in na ɗauki hoto na tura. Nas ta turo min hoton babban yatsa.

Da ya rasu ban daina ba. Na ja gawar zuwa ɗakin ajiya, bayan buhunan siminti, na rufe da tsohon labule, kullum da hantsi in shiga in yaye in yi aikina. Mako na biyu arba'in da ɗaya, don kada lambar ta yi kyau da yawa a yi zargi. Na san irin wannan dabarar, a wurin masu laifi na koye ta. Mako na uku arba'in da huɗu. Ni ne fa mutumin da ya taɓa rufe shagon wani bawan Allah kwana goma saboda ya manna maganaɗisu a ƙarƙashin farantin sikelinsa, na tsaya ina yi masa wa'azi a gaban matarsa. In yana raye kuma wannan ta kai gare shi, ya yi dariyarsa son ransa, yana bina bashinta. A mako na huɗu hannuna ya saba, tafina ya yi kanta ya yi baƙi, ana wasan ƙwallo a rediyo na shagala, sai da na duba na ga saba'in da uku. Mita ba ta komawa baya. Na tura haka nan ina addu'a kada ta lura.

Ta lura. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira. Na ɗauka da shirin kare kaina, sai na ji muryarta cike da murna. Wai ta nuna wa abokan aikinta hoton, wai babanta mai shekara sittin da shida ya fi su duka. Sanarwar rasuwa ba wurin kawo hira ba ce, amma wannan maganar sai na rubuta ta yadda ta faɗe ta, don tun ranar take min yawo a kai. Ta ce, "Baba, na kwance gadon ɗakin nan, na sa wa yara teburin karatu. Na yarda da kai. Ka zauna a gidanka." Na ce Allah ya yi mata albarka. Da na ajiye wayar na dubi tafin hannuna, na ji duk duniya ba wanda na raina kamar ni.

Washegari yayata ta shigo ba sallama, kamar yadda ta saba tun muna yara, ta bi ƙarar rediyo har ɗakin ajiya. Ta same ni a tsugune ina marin tayar mamaci. Ba tayar ta kalla ba, ƙafafuna ta kalla, waɗanda suka kumbura har silifas ya yi musu zane. Ta je ta ɗauko na'urar awon jini a kan firij, ta ɗaura min da kanta. Lambar da ta fito ba zan sa ta a guruf ba, Nas za ta gan ta a rubuce in ta zo. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ta gyara mayafinta ta fita, ba a jima ba ta dawo da Mai Gyara a bayanta.

Ina so a shaida cewa mutumin nan ya yi min abin da ban yi masa ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya cire takalmi a bakin ɗakin ajiya kamar ɗakin mutane ne, ya tsuguna a gaban gawar. Bai taɓa sikelina ba, bai buɗe littafina ba. Ya leƙa ramin da ƙarfen tsakiyar ƙafa ke zama a gefen hagu, ya goge da yatsa, ya nuna min wani ɗan tabo mai ƙyalli. Ya ce ranar da na yi faci, ƙarfen bai shige ramin har ƙarshe ba, ya tsaya a hanya da kamar kaurin tsinken ashana, na matse shi a haka. Ciwon ke nan gaba ɗaya. Maganinsa kuwa a sassauta, a tsayar da keke a ƙasa a miƙe, a danna sirdi, ƙafa ta faɗa mazauninta, a matse. Ya ce da na kawo shi, ko kofin shayinsa ba sai ya ajiye ba.

Na yi ƙarfin hali na kawo maganar wayoyi, na ce to tauyewar da kamfani ya yi fa? Na ga yana neman hanyar da zai bi kada ya kunyata dattijo. Sannan ya ce, "Baba, ai ƙafar baya ba a raba mata daidai. Giyoyi sun cinye wuri a dama, dole wayoyin dama su fi ɗauri kafin taya ta zauna a tsakiyar keke. Haka ake yin kowacce." Ya bi wayoyina da farce, talatin da biyu, duk murya ɗaya. Ya girgiza kai ya ce shekararsa ashirin da huɗu a sana'ar nan, ya ga ƙafar da mota ta taka, ya ga wadda ta faɗa rijiya, amma bai taɓa ganin wadda aka lalata da ƙwarewa irin wannan ba. Ina jin yabo yake nufi, na karɓa a haka. Game da ƙarfen da ya tsage kuwa, ya ce irin wannan jikin ba ya karɓar walda ta biyu, ko an yi, ba zai bar maƙiyinsa ya gangaro gada a kai ba. Ya ja labulen ya rufe shi da kansa.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafar gaba, lafiyarta ƙalau in ban da jiri. Ya bar sirdi wanda ya riga ya ɗauki siffata, ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ya bar ƙararrawa, da famfo, da hular kwano da ke rataye a bayan ƙofa, da giyoyi goma sha takwas da ba su san me ake ciki ba. Ya bar ƙafar baya, wadda duk wayoyinta daidai suke kuma ba za ta sake juyawa a jikin kowane keke ba. Ya bar mita, tana hannun yayata a matsayin shaida. Tana nuna kilomita dubu biyar da ɗari biyu da goma sha huɗu. A cire ɗari da casa'in da takwas, na hannu ne. Dubu biyar da goma sha shida da suka rage da ƙafata na yi su, Nas, kowanne, har da rabin gadar da nake turawa. Ya kuma bar ni, wanda ya fi kowa asara kuma ba shi da wanda zai kai ƙara.

Za a yi rakiyarsa jibi Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, daga ƙofar gidana. Ban sa da wuri ba saboda na san 'yata: kafin ta kai ƙarshen wannan rubutu ta riga ta nemi wadda za ta karɓar mata aiki, kuma tafiyar awa huɗu ce. Za a fara tsayawa a rumfar Mai Gyara, inda za a sauke ƙafar gaba da birki da sarƙa da ƙararrawa, don a sa wa masu buƙata. A nan zan nemi afuwarsa da babbar murya, kuma ina roƙon 'yan benci su hallara duka, tun da a gabansu na yi masa laifin. Daga nan za a wuce da gangar jikin zuwa wurin 'yan gwangwan da ke bayan tashar mota. Maƙwabcina ya yi tayin tasinsa, na gode, na kuma mayar masa da jak ɗinsa tare da gaskiyar abin da aka ɗaga da shi. A kafaɗa zan ɗauki marigayin, a ƙafa, in yayata ta auna ni da safe ta ce in tafi.

Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida bayan an dawo. Kada a kawo min komai mai gishiri. Kada kuma wani ya dafa ni ya ce kwanansa ne ya ƙare. Littafin yana nan a kan tebur, shafi goma sha ɗaya da rubutun hannuna, kowa ya duba. Dangi masu shirin kiran Nas su ba ta haƙuri a madadina, na gode, ku bar shi. Sharaɗi ta gindaya, na karɓa da bakina, na karya da hannuna, abin da ta yanke shi ne.

Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba, kada ya kamo hanya ranar Lahadi kai tsaye. Ya fara kiran Nas, ita za ta faɗa masa gidan da zai same ni.